Kwalestarol, Zuciya da Gudu Mai Nisa Bayan Shekara 40: Tambayoyi da Amsoshi

Akwai wata shekara, galibi tsakanin 40 da 55, da mutum kan hau bene hawa biyu ya ji yana haki, sai ya ɗaura niyyar gyara. Wani ya sayi takalmin gudu, wani keke, wani ya koma iyo. Kafin a jima an fara mafarkin gudun yada-ƙanin-wani mai kilomita 42. Niyya ce mai kyau, kuma ina cikin masu ƙarfafa ta. Sai dai sau da yawa a daidai wannan lokaci ne takardar gwajin jini kan ce kwalestarol ya hau, mutum ya rasa na yi: ya ci gaba da gudu, ko ya rataye takalmi? Amsoshin nan za su taimaka maka ka shiga ɗakin likita da tambayoyin da suka dace. Hukunci a kan jikinka kuwa na wanda ya duba ka ne.

Mene ne ma kwalestarol, har ake ta tsorata mu da shi?

Wani nau'in maiƙo ne da jiki ba ya iya rayuwa sai da shi. Da shi ake gina bangon ƙwayoyin jiki, da shi ake haɗa wasu sinadarai irin na maza da na mata. Jiki ne da kansa ke ƙera mafi yawansa, a hanta da sauran sassa. Tunda maiƙo ba ya narkewa a jini, sai an ɗauke shi a cikin wasu ƙananan ƙunshi. Wanda ake kira LDL shi ke kai shi sassan jiki, kuma idan ya yi yawa yakan kutsa cikin bangon jijiyoyin jini ya maƙale. HDL kuma na taimakawa wajen kwaso shi a mayar hanta.

Mutane kan kwatanta abin da tsatsa a bututun ruwa. Kwatancen da ya fi kusa da gaskiya shi ne maruru. Kitsen na taruwa ne a ƙarƙashin fatar cikin jijiya, shekara da shekaru, ba ciwo ba ƙaiƙayi. Ranar da marurun ya fashe, jini ya daskare a kansa, hanyar ta toshe cikin mintuna. Idan a jijiyar da ke ciyar da zuciya ne, shi ne bugun zuciya. Idan a ta ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki.

An ba ni takardar gwaji cike da lambobi. Wacce zan duba?

Fara da ma'aunin da aka yi amfani da shi, domin iri biyu ne: mg/dL da mmol/L. Na sha ganin wanda hankalinsa ya tashi don ya kwatanta 5 ɗinsa da 190 na abokinsa, alhali kusan abu ɗaya suke nufi. Ana ninka mmol/L da kusan 39 a sami mg/dL.

Jimillar kwalestarol an fi so ta zauna ƙasa da 200 mg/dL, wato kusan 5.2 mmol/L. Amma lambar da likita zai fi zuba wa ido ita ce LDL. Ƙasa da 100 mg/dL, ko 2.6 mmol/L, ya yi kyau ga mai lafiya. Idan ta kai 190 mg/dL, ko 4.9 mmol/L, ƙa'idar likitocin zuciya na Amurka ta 2018 ta ce a fara magani ba tare da jiran wani lissafi ba. HDL ana ɗaukarsa ya yi ƙasa idan bai kai 40 ga namiji ko 50 ga mace ba. Sai wani maiƙon da ake kira tiraigilisarayid, wanda ake so ƙasa da 150.

Tsakanin 100 da 190 ne ake dogon nazari. A nan lambar ita kaɗai ba ta yanke hukunci. LDL 140 a jikin mace 'yar 42 da ba ta shan taba kuma jininta bai hau ba, daban yake da LDL 140 a jikin namiji ɗan 56 mai hawan jini da ciwon suga. Likita kan haɗa shekaru, jinsi, hawan jini, taba da suga, ya ƙiyasta haɗarin shekara 10 masu zuwa.

Ina gudun kilomita 10 ba tare da wahala ba. Ai wannan shaida ce zuciyata ƙalau take, ko?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, domin amsarta na saɓa wa abin da jiki ke faɗa wa mutum. Ƙarfin tsokar zuciya abu ɗaya ne, tsabtar jijiyoyin da ke ciyar da ita abu ne daban. Mutum na iya samun na farko ya rasa na biyu.

Jim Fixx na cikin waɗanda suka sa miliyoyin Amurkawa suka rungumi gudun motsa jiki a ƙarshen shekarun 1970. A 1984 ya faɗi ya mutu yana cikin gudu a jihar Vermont, yana da shekara 52. Da aka bincika gawarsa, aka tarar manyan jijiyoyin zuciyarsa uku sun toshe ƙwarai. Mahaifinsa bugun zuciya ne ya kashe shi yana ɗan 43, shi kansa kuma ya sha taba shekaru kafin ya fara gudu. Masu ƙin motsa jiki sun daɗe suna kafa hujja da mutuwarsa. Ni abin da nake gani a ciki shi ne gado da tabar baya sun riga gudun isa jijiyoyinsa, kuma gudun bai goge su ba.

A 'yan wasa ƙasa da shekara 35, mutuwar fuju'a a fili galibi daga cututtukan da aka haifi mutum da su take, kamar kaurin tsokar zuciya. Daga 35 zuwa sama kuwa, babban dalili shi ne wannan kitse da ya taru a jijiya. Shi ya sa maganar kwalestarol da maganar gudu a wannan shekaru ba sa rabuwa.

To ke nan gudun ne haɗari?

Zama ya fi shi haɗari nesa ba kusa ba. Wani bincike da aka wallafa a 2012 ya bi diddigin gasannin kilomita 42 da na 21 a Amurka daga 2000 zuwa 2010. Cikin mahalarta miliyan 10.9, mutum 59 ne zuciyarsu ta tsaya, 42 daga ciki suka rasu. Wato zuciyar kusan mutum 1 cikin 184,000 ce ta tsaya. Mafi yawansu maza ne, kuma abin ya fi faruwa dab da ƙarshen tsere.

Gaskiya ne a lokacin da ake cikin aiki mai nauyi haɗarin kan ɗaga na ɗan lokaci. Amma wa ya fi shafa? Wani bincike na 1993 a kan mutum fiye da 1,200 da suka samu bugun zuciya ya nuna cewa, a cikin awa guda bayan aiki mai tsanani, haɗarin wanda ba ya motsa jiki ko sau ɗaya a mako ya ninka fiye da sau 100. Na mai yi sau 5 ko fiye a mako kuwa bai kai ninki 3 ba. Wanda ya shekara 15 a kan kujera ya tashi rana ɗaya ya ce zai nuna wa samari har yanzu da sauransa, shi ne abin ji.

Wa ya wajaba ya ga likita kafin ya fara?

Tambayoyi uku ne ke raba gardama: kana motsa jiki a kai a kai yanzu? Kana da wata cuta da aka sani, ko wata alama? Wane irin tsanani kake son kaiwa?

Idan ba ka da ciwon zuciya, suga ko ƙoda, kuma ba ka jin komai, tafiya da sauri ba ta buƙatar izinin kowa; tashi ka fara yau. Idan kana da ɗaya daga cikin cututtukan nan kuma ka daɗe ba ka motsa jiki, ga likita tukuna. Idan kana da alama, ko da kai tsohon ɗan gudu ne, ka tsaya har a duba ka. A ganina kuma, duk wanda ya wuce 40 yana shirin atisaye mai tsanani na watanni, kuma kwalestarol ɗinsa ya hau, ko yana da hawan jini, ko ya taɓa shan taba, ko mahaifi ko ɗan'uwa ya samu ciwon zuciya kafin 55, ko uwa ko 'yar'uwa kafin 65, ya cancanci zama da likita ko da yana jin kansa garau.

Wane gwaji za a yi min? Na ji ana maganar ECG da na'urar gudu da hoto.

Gwaje-gwajen da suka fi amfani su ne mafi sauƙi: hira a kan tarihinka da na danginka, awon jini a hannu, sauraron ƙirji, gwajin suga, na ƙoda, da na maiƙon jini. Kada ka raina su don ba su da na'ura mai walƙiya.

ECG na kwance, wanda ake manna wayoyi a ƙirji na 'yan mintuna, yana nuna tsarin wutar zuciya, rikicewar bugawarta, da tabon wani tsohon bugun zuciya. Yana iya fitowa lafiya lau alhali jijiya ta cunkushe, domin zuciyar da ke hutawa ba ta neman jini da yawa.

Gwajin na'urar gudu na ƙara wa zuciya nauyi a hankali ana kallon yadda take amsawa. Yana kama ƙuncin da ya kai ya rage gudanar jini, galibi kusan kashi 70 cikin 100 zuwa sama. Ga inda gizo ke saƙa: yawancin marurun da ke fashewa ba su kai girman da za su hana jini wucewa ba kafin ranar da suka fashe. Saboda haka cin wannan gwaji albishir ne, amma bai wanke ka daga kula da LDL ba. A mutumin da haɗarinsa ƙarami ne kuma, gwajin kan yi ƙararrawar ƙarya, a shiga jerin bincike ba gaira ba dalili. Shi ya sa ba a yi wa kowa da kowa.

Hoton sauti na zuciya, wato eko, yana nuna kaurin tsoka da ƙofofin zuciya. Ana yin sa idan likita ya ji wani sauti ko ECG ya nuna wani abu.

Sai gwajin kalsiyam na jijiyoyin zuciya, da ake yi da na'urar siti-sikan cikin 'yan mintuna, ba allura. Tsohon kitse a jijiya kan tara kalsiyam, hoton kuma na ƙirga shi da ma'aunin da likita Arthur Agatston ya fito da shi a 1990. Sifili na nufin haɗarin shekaru masu zuwa ƙarami ne, kodayake ba a dogara da shi ga mai shan taba, mai suga ko mai gadon ciwon zuciya na wuri. Daga 100 zuwa sama, galibi ana ba da shawarar magani. Amfaninsa ya fi fitowa ga wanda ke tsakiya, shi da likitansa suna waswasi ko a fara magani ko a jira.

Na daɗe ina gudu, amma kalsiyam ɗina ya fito da yawa. Na daina?

Kada ka yanke wannan hukunci kai kaɗai. Bincike biyu da aka wallafa a 2017, ɗaya a Ingila ɗaya a Holan, sun samu maza masu shekaru da suka daɗe a atisaye mai yawa da tarin kalsiyam fiye da yadda aka zata. Har yanzu masana na muhawara a kan ma'anar hakan. Abin da aka yarda da shi shi ne ɗan gudu mai kalsiyam da yawa ana kula da shi kamar kowa: a sauke LDL, a daidaita jini, a yi gwajin na'urar gudu idan ya dace. Da yawa suna ci gaba da gudunsu bayan haka.

Idan na dage da gudu na gyara abinci, kwalestarol ba zai sauka da kansa ba?

Zai motsa, amma ka san iyakar kowanne. Gudu na sauke tiraigilisarayid sosai, ya ɗan ɗaga HDL, ya rage hawan jini da suga da ƙiba. LDL kuwa kaɗan yake taɓawa. Wannan kan ɓata wa mutane rai: wata 6 ana zufa, a koma gwaji a tarar lambar ta sauka da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Abinci ya fi tasiri a kan LDL. Rage kitsen nama, man shanu, man kwakwa da soye-soyen kamfani. Ƙara wake, hatsi da ba a cire masa dusa ba, ganye, kifi da man zaitun. Wata al'ada da ta yaɗu tsakanin masu gudu mai nisa, ta yanke sitaci kusan gaba ɗaya a koma cin maiƙo, tana harba LDL sama ƙwarai a jikin wasu, har da sirara. Idan kana wannan tsari, ka auna jininka. Kuma a duba ko akwai wani abu a ɓoye da ke ɗaga shi, kamar raunin tayirod, wata gaɓa a wuya da ke sarrafa aikin jiki, ko ciwon ƙoda.

An rubuta min sitatin, maganin sauke kwalestarol. Ina tsoron ya kashe min ƙafafu.

Tsoron na da tushe, kuma ga mai gudu ciwon tsoka ba ƙaramin abu ba ne. Amma a auna shi da abin da maganin ke yi. Masanin Japan Akira Endo ne ya gano irinsa na farko a shekarun 1970, aka amince da na farko a Amurka a 1987. A 1994 wani gwaji a ƙasashen Sikandinebiya a kan masu ciwon zuciya 4,444 ya nuna simvastatin, wani nau'in sitatin, ya rage mutuwa da kusan kashi 30 cikin 100. Da aka tattara manyan gwaje-gwajen da suka biyo baya, an ga duk 1 mmol/L da aka sauke na LDL na rage manyan matsalolin zuciya da jijiya da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Masu ƙarfi irin atorvastatin da rosuvastatin na iya raba LDL gida biyu.

Game da ciwon tsoka, an yi wani gwaji a Landan da aka wallafa a 2020. Mutum 60 da suka taɓa jefar da sitatin saboda illa aka ba su kwalabe: wata da magani, wata da ƙwayar da ba komai a cikinta, wata wayam, ba su san wacce ƙwaya ce wacce ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon da suka ji da maganin, sun ji shi da ƙwayar banzar ma. Ciwon da suke ji na gaske ne, sai dai yawancinsa ba daga sinadarin yake ba. Mai shekara 50 da ke atisaye dama ba ya rabuwa da tsamin jiki.

Duk da haka akwai waɗanda maganin ke taɓa wa tsoka da gaske: ciwo ko rauni a cinyoyi ko kafaɗu duka biyu, cikin makonnin farko, wanda ke lafawa idan an tsaya. Mafita na da yawa: rage ƙarfi, sauya iri, ko haɗawa da ezetimibe, wani maganin sauke LDL na daban. Ka nemi a auna sinadarin tsoka na CK kafin ka fara, a ranar da ka huta kwana biyu ko uku, domin doguwar tsere ita kaɗai kan ɗaga shi. Ka faɗa wa duk likitan da zai rubuta maka wani magani cewa kana kan sitatin, don wasu irin su clarithromycin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, na karo da shi. Idan kuwa ciwon tsoka ya yi tsanani fitsari ya koma baƙi-baƙi, asibiti a ranar. Wannan ba kasafai yake faruwa ba, amma yana iya lalata ƙoda.

Zan sha shi har abada?

Galibi na dogon lokaci ne, domin da an daina LDL kan koma inda yake. Ana sake gwaji mako 4 zuwa 12 bayan farawa a ga ko ya yi aiki. Yana ɗan ƙara yiwuwar ciwon suga ga wanda dama ya kusa, abin da gudunka ke taimakawa wajen karewa.

Ni siriri ne, ba na cin maiƙo, amma LDL ɗina ya wuce 200. Daga ina?

Mai yiwuwa gado ne. Kusan mutum 1 cikin 250 na ɗauke da wata matsalar gado da ke hana hanta kwashe LDL daga jini tun daga haihuwa, kuma yawancinsu ba su sani ba. Kowane ɗa na mai ita na da rabi da rabi na gadonta, don haka idan an tabbatar, a gwada 'ya'yanka da 'yan'uwanka. Akwai kuma wani ƙunshi da ake kira Lp(a), wanda shi ma gado ne, abinci da gudu ba sa sauke shi, kuma kusan 1 cikin 5 na da shi da yawa. Ƙa'idar Turai ta 2019 ta ce a auna shi aƙalla sau ɗaya a rayuwa.

Ni mace ce 'yar 51. Wannan magana ta shafe ni?

Ta shafe ki ƙwarai. Bayan ɗaukewar al'ada LDL kan hau, kariyar da kike da ita a baya ta ragu. Idan kin taɓa samun hawan jini ko suga a lokacin juna biyu, ko al'adarki ta ɗauke kafin 40, ki faɗa wa likita, domin suna cikin lissafi. Alamar ciwon zuciya a mace kan zo da kasala mai nauyi, tashin zuciya ko ƙarancin numfashi, ko da ƙirji bai yi ciwo sosai ba. Mai shirin ɗaukar ciki kuma ta sanar kafin a rubuta mata sitatin.

Wace alama ce ba a yi mata haƙuri?

Nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji da ke zuwa idan kana hawan tudu, ya sa ka rage gudu ka dafe ƙirji, ya tafi bayan minti biyu ko uku da tsayawa, gobe kuma ya dawo a daidai wannan tudun. Wani a muƙamuƙi yake jin sa, wani a hannu ko tsakanin kafaɗu, wani ya rantse ƙwannafi ne. Haka nan suma ko jiri ana cikin gudu, hakin da ya fi na da a hanyar da ka saba, bugawar zuciya da ta rikice, ko gudunka ya ragu haka kawai cikin 'yan makonni ba dalili.

Masu gudu mai nisa sun koyi danne wahala, kuma wannan horo ne ke cutar da su a nan. Ciwon cinya ana iya daurewa. Na ƙirji ba a yi masa jarumta. Idan ya wuce 'yan mintuna bai tafi ba ko da ka tsaya, a nemi agajin gaggawa, kada ka tuƙa kanka.

Likita ya ce babu laifi. Yaya zan fara?

Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, da ƙarfafa tsoka kwana 2. Fara da tafiya da sauri, sannan ka riƙa cakuɗa ta da gajeren gudu. Mafi yawan atisayenka ya kasance a gudun da za ka iya hira da na kusa da kai. Sannu ba ta hana zuwa: ba wa kilomita 10 watanni, na 21 ya biyo baya, na 42 sai jiki ya shekara yana sabawa. Ranar da kake zazzaɓi ka kwanta, domin wasu ƙwayoyin cuta na kumbura tsokar zuciya. Idan kana shan maganin hawan jini mai rage bugawar zuciya, lambar bugawar zuciya da agogonka ke nunawa ba za ta hau kamar ta wasu ba, bi numfashinka.

In riƙa shan asfirin don rigakafi?

Sai in likita ya ce. Ga wanda bai taɓa samun ciwon zuciya ba, zubar jini a ciki kan cinye amfanin. Magungunan ciwon jiki irin ibuprofen kafin doguwar tsere su ma a guje su saboda ƙoda da ciki.

Idan abokin guduna ya yanke jiki ya faɗi fa?

Idan ba ya amsawa kuma ba ya numfashi daidai, ko yana wata irin shessheƙa jefi-jefi, ɗauka zuciyarsa ce ta tsaya. Sa wani ya kira agaji ya kuma nemo na'urar farfaɗo da zuciya ta AED. Kai kuma durƙusa, ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya a kan ɗaya, ka danna da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa. Na'urar na magana, za ta faɗa maka inda za ka manna da lokacin da za ka janye hannu. A binciken nan na 2012, waɗanda na kusa da su suka fara danna musu ƙirji nan take su suka fi tsira. Idan kuna gudu a ƙungiya, ku ware rana guda ku koyi wannan tare, kuma kafin kowace gasa ku tambayi masu shirya ta inda aka ajiye na'urar.